Babi na Bakwai: Injin Tsotse Mai da Hannun Jarin Sisin Kwabo

Mai tambayar yakan zo ne da murmushi, yana miƙo maka wayarsa. "Malam, duba wannan kamfani. Santi goma kacal ake sayar da hannun jarinsu. Suna da injin da ke tsotse ɗanyen mai idan ya malala a teku, ka kuwa san duniya ba ta rabuwa da malalar mai. In na zuba dala 500, ranar da ya kai dala ɗaya ai na tashi da 5,000. To ko faɗuwa ya yi, daga santi goma ina zai je?"

Lissafin nasa ba kuskure a ciki. Dala 500 za ta saya masa hannun jari 5,000, kuma in farashin ya kai dala ɗaya abin da ya faɗa shi zai samu. Sai dai akwai abubuwan da bai sa a lissafin ba, su ne kuma ke cinye kuɗin. Domin mu gan su da kyau, za mu koma Amurka a shekarar 2010, lokacin da mutane da yawa suka yi wa kansu irin wannan tambaya.

Kwana 87 mai na ɓulɓula

Ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a Mashigin Tekun Meziko, kimanin kilomita 66 daga gaɓar jihar Luwiziyana. Ma'aikata 11 suka mutu. Bayan kwana biyu dandamalin ya nutse, rijiyar da yake haƙa wa kamfanin BP ta ci gaba da aman ɗanyen mai a ƙarƙashin ruwa mai zurfin kusan mita 1,500. Ba a toshe bakinta ba sai ranar 15 ga Yuli. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9 ce ta fito daga rijiyar, daga baya kotu ta tsayar da cewa ganga miliyan 3.19 ta shiga teku.

An saukar da kyamara har bakin bututun da ya karye, ana nuna hoton kai tsaye dare da rana. Mutum na zaune a falonsa yana kallon baƙin mai na tuttuɗowa kamar hayaƙin tayar da aka cinna wa wuta, a ƙasan allon kuma ana ƙirga kwanaki. Duk mai kallo ya san kuɗi za su zuba a wannan aiki, kuma sun zuba: BP ya ce ya kashe kimanin dala biliyan 14 a aikin tarewa da sharewa kawai, ban da tara da diyya waɗanda suka kai jimillar sama da biliyan 60.

Daga nan ne tunanin ke farowa. In ɗan tsakure daga wannan dukiya ya faɗa hannun wani ƙaramin kamfani, ai wanda ya riga kowa sayen hannun jarinsa kakarsa ta yanke saƙa.

Kanti da gefen titi

Hukumar da ke kula da hada-hadar hannun jari a Amurka, wato SEC, tana ɗaukar hannun jarin ƙaramin kamfani da farashinsa bai kai dala biyar ba a matsayin na kwabo-kwabo. Yawancinsu ba su cika sharuɗɗan shiga manyan kasuwanni irin na New York ko Nasdaq ba, saboda haka ake cinikinsu tsakanin dillalai a wata kasuwa ta gefe. Bambancin kamar na babban kanti ne da mai baza kaya a gefen titi. A kanti akwai rasit, akwai wanda za ka kama in kaya sun ɓaci. A gefen titi ma akan dace da kaya masu kyau, amma idonka ne kaɗai mai tsaronka, wasu kamfanonin da ke can ko rahoton kuɗi da aka tantance ba sa fitarwa.

Bari mu fara da rabin tambayar na biyu, tunda shi ya fi sauƙi. Daga santi goma ina zai je? Zai je santi ɗaya. Wanda ya saya a goma ya wayi gari a ɗaya ya rasa kashi 90 cikin ɗari na kuɗinsa, daidai da wanda ya saya a dala 100 ya wayi gari a dala 10. Mu ma mun ga irinsa a gida. Shekaru da dama ƙa'idar kasuwar hannun jari ta Legas ta hana hannun jari sauka ƙasa da kwabo 50, har wasu suka ɗauka nan ne ƙasa, ba inda za a ƙara nutsawa. Da aka cire ƙa'idar a farkon 2018, kamfanoni da dama suka zarce zuwa kwabo 20.

Farashin ƙwaya ɗaya ma ba ya gaya maka arha ko tsada sai ka san ƙwaya nawa ce gaba ɗaya. Kamfanin da ke da hannun jari miliyan 100 a kan santi goma, kasuwa ta yi masa kuɗi dala miliyan 10 ke nan. Kafin farashin ya kai dalar nan ɗaya da ake mafarki, sai an sami masu yarda cewa kamfanin ya kai dala miliyan 100. Tambayi kanka me ya sayar bara.

Injin yana aiki kuwa?

Sau da yawa yana yi. Wannan shi ne abin da ke rikita mutane, domin sun ɗauka abin da za su bincika ke nan: in injin gaskiya ne, jarin ma gaskiya ne.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Mai ya fi ruwa rashin nauyi. In ka zuba gaurayensu cikin tulun ƙarfe ka juya shi da gudu mai tsanani, ruwa zai watsu zuwa jikin bango, mai ya taru a tsakiya, sai a zuƙe kowanne ta bututunsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake kaɗa nono man shanu ya ware ya san tushen abin. A wurin baje koli ana nuna shi cikin tankin gilashi: baƙin ruwa ya shiga ta nan, farin ruwa ya fito ta can, jama'a su yi tafi.

Teku kuwa ba tankin gilashi ba ne. Man da ya taso daga zurfin mita 1,500 ya bazu a faɗin dubban murabba'in kilomita, wani wuri kaurinsa bai kai na takarda ba. Igiyar ruwa ta cakuɗa shi ya koma wani jan kunu mai danƙo da ke toshe bututu. Injin na iya raba mai da ruwa, amma wa zai tattaro masa man? Wani kamfanin ƙasar Taiwan ya kawo ƙaton jirgin dakon mai da aka gyara domin wannan aiki, mai suna A Whale, aka yi ta yayata shi a matsayin mafi girman matsotsin mai a duniya. Aka gwada shi a watan Yuli, abin da ya tattara bai taka kara ya karya ba, aka sallame shi. A lissafin da gwamnatin Amurka ta fitar a watan Agustan 2010, duk man da aka yaɗe daga saman ruwa, da jiragen ruwa dubbai, bai wuce kashi uku cikin ɗari ba.

Wa zai saya?

A ce ma injin ya ci jarrabawar teku. Saura mai saye.

Kevin Costner, tauraron finafinan Amurka, ya ishe mu misali. Bayan hatsarin jirgin Exxon Valdez a Alaska a 1989, ya shiga harkar irin wannan inji, ya kuma shaida wa majalisar dokokin Amurka a watan Yunin 2010 cewa ya zuba sama da dala miliyan 20 na aljihunsa. Shekara goma sha ɗoriya yana yawo da injin, kamfanonin mai ba su kula shi ba. Sai da Deepwater Horizon ya fashe BP ya yi odar guda 32. Mutum ne mai suna, mai kuɗin da zai iya jira, wanda majalisa ke kira ta saurara. Tsakanin Exxon Valdez da wannan rana shekara 21 ce. Wane ƙaramin kamfani ne zai biya albashi da haya na tsawon wannan lokaci yana jiran bala'i?

Ko cinikin na Costner ma bai ƙare lami lafiya ba. Abokin aikinsa ɗan fim Stephen Baldwin da wani abokin jarinsu sun kai shi kotu suna cewa an ɓoye masu labarin cinikin BP har suka sayar da kasonsu da arha. A 2012 masu taimaka wa alƙali a New Orleans suka wanke Costner. Abin lura shi ne, waɗanda ke zaune a teburi ɗaya da masu kamfanin ma sun yi jayayya kan wa ya san me, yaushe. Balle kai da ke nesa kana karanta sanarwa a waya.

Ranar da bala'in ya zo kuma, ba kai kaɗai ke da dabara ba. Shawarwari sama da 100,000 aka aika wa BP da gwamnati daga ko'ina a duniya, ƙalilan ne aka gwada, waɗanda aka yi aiki da su sun fi haka ƙaranci. Wanda gidansa ke ci da wuta ba ya tsayawa gwada sabon bokiti. Kuɗin sun tafi ne wurin waɗanda aka riga aka sani: Nalco, babban kamfanin sinadarai da ya sayar da maganin tarwatsa mai na Corexit, wanda aka fesa kusan galan miliyan 1.8, ƙungiyoyin ko-ta-kwana da kamfanonin mai suka daɗe suna biya tun bayan dokar malalar mai ta Amurka ta 1990, da masunta na yankin da aka ɗauki hayar jiragensu.

A wancan lokaci akwai wani ƙaramin kamfani a Fort Lauderdale ta jihar Fulorida, Enviro Voraxial Technology, wanda injinsa ke tayar da guguwa a cikin bututu ta raba mai da ruwa. A kasuwar gefe ake cinikin hannun jarinsa, kuma ya yi shekaru yana bayar da rahoton asara. Fasahar ta gaske ce, shaidar kuwa ita ce a 2017 Schlumberger, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin hidimar rijiyoyin mai a duniya, ya saye ta. Nawa? Dala miliyan huɗu. Kuɗi ne a hannun mutum ɗaya. In aka cire bashi aka raba wa miliyoyin hannayen jari, sai ka ga abin da ya rage wa kowa.

A nan gida ma darasin ɗaya ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce share ƙasar Ogoni daga gurɓatar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ba wanda zai ce babu buƙata. Amma buƙata ba ta zama kuɗi sai an sa hannu a kwangila, an yi aiki, an biya.

Watandar da ba ta ƙarewa

Yanzu mun zo inda kuɗin ƙaramin mai jari suka fi zurarewa, kuma inda aka fi rashin dubawa.

Ka tuna watandar sallah. Mutum ashirin sun haɗa kuɗi an sayi sa, za a kasa nama kashi ashirin. Ana cikin fiɗa sai mai haɗa watandar ya ce kuɗin mahauci da na mota ba su cika ba, don haka ya sayar wa wasu mutum biyar kaso. Kafin a gama ya ƙara sayar wa goma. San nan dai ɗaya ne, bai ƙara ko tsoka ba. Takardarka har yanzu tana cewa kana da kashi ɗaya, amma abin da za ka kai gida ya koma na mutum 35.

Haka kamfanin da ba ya samun kuɗin shiga yake rayuwa. Banki ba zai ba shi bashi ba. Abin da kawai yake da shi na sayarwa shi ne sababbin hannayen jari. Mu ɗauki misali, lambobin nawa ne don a fahimta. Kamfaninmu mai hannun jari miliyan 100 yana buƙatar dala miliyan biyu kowace shekara don albashi, haya, lauyoyi da gwaje-gwaje. A shekarar farko ya buga sababbi miliyan 20 ya sayar a santi goma. Kaya sun yi yawa a kasuwa, kwangila ba ta zo ba, farashi ya sauka santi biyar. A shekara ta biyu sai ya buga miliyan 40 kafin ya sami kuɗin da ya samu bara. A ta uku farashi na santi biyu, sai miliyan 100. Jimilla ta zama miliyan 260. Abokinmu mai dala 500 har yanzu yana riƙe da 5,000 ɗinsa, ba wanda ya taɓa masa ko ɗaya. Da yana da kashi ɗaya cikin 20,000 na kamfanin, yanzu ɗaya cikin 52,000, kuma dala 100 ce a hannunsa.

Akwai wadda ta fi wannan muni. In kamfani ya shiga uku sosai, sai wasu masu ba da rance na musamman su bayyana. Sharaɗinsu shi ne in lokacin biya ya yi za su karɓi hannun jari maimakon kuɗi, a kan rangwame daga farashin ranar, a ce kashi 40 cikin ɗari. Farashi na santi goma, su karɓa a shida, su zubar a kasuwa nan take. Farashi ya faɗi biyar, su karɓi zubi na gaba a uku, ƙwayoyin da za a ba su kuma sun ninka. Duk yadda farashin ya faɗi ribarsu na nan, faɗuwar ma ƙara masu yawan ƙwaya take yi. 'Yan kasuwar can da kansu suna kiran wannan tsari da sunan da ke nufin gangaren mutuwa.

Idan farashi ya kai inda ake jin kunyar faɗarsa, sai a dunƙule: kowane hannun jari 100 ya koma ɗaya. Abokinmu ya buɗe waya ya ga farashi ya zama dala biyu, murna ta kama shi, ya duba da kyau ya ga 50 gare shi. Dala 100 ɗin ce dai. Kamfani kuwa ya sami sabon filin da zai ci gaba da bugawa.

'Yan kore

Duk abin da na faɗa a sama yana iya faruwa ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. To ga masu ƙaryar.

A kasuwar dabbobi an san mutumin da ke zuwa ya taya sa da tsada alhali ba saye zai yi ba, don baƙo ya ji ya ƙara. Malaman fiƙihu suna kiransa najashi, kuma shari'a ta hana. A kasuwar kwabo-kwabo sana'a ce sukutum. Wasu su tara hannun jari a ɓoye lokacin da ba mai so, su biya masu rubuta wasiƙun talla, su cika intanet da labarin cewa kwangila na hanya, su yi ta saye da sayarwa tsakaninsu don allo ya nuna motsi. Baƙi su rugo, farashi ya hau, su kuma su sauke kayansu a kan baƙin su kama gabansu.

Wata guda kacal bayan fashewar, a Mayun 2010, SEC da hukumar kula da dillalai ta FINRA suka fitar da gargaɗi kan masu fakewa da malalar man suna tallar hannun jari. A watan nan SEC ta dakatar da cinikin hannun jarin ACT Clean Technologies na jihar Kalifoniya, saboda shakkar da take da ita kan sanarwar cewa BP ya nuna sha'awar wani sinadarinsu da kuma sakamakon gwajin da aka ce an yi. An maimaita irin wannan dakatarwa lokacin Ebola a 2014 da lokacin korona a 2020. Bala'in ne ke sauyawa.

Ka koyi sauraron kalmomin sanarwa. "Muna tattaunawa da" wani babban kamfani na iya nufin an aika masa wasiƙa. "An miƙa fasaharmu don dubawa" na nufin an shiga layin mutum dubu ɗari. "Muna cikin jerin kayan share mai na hukumar kare muhalli" gaskiya ce mai yiwuwa, amma hukumar ta Amurka da kanta ta bayyana cewa shiga jerin ba amincewa ba ne kuma ba izinin amfani ba ne. Abin nema shi ne sunan mai saye, adadin inji, da adadin kuɗi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ƙofar fita

Wannan gajere ne. A kasuwar gefe farashi biyu ne kullum, na mai sayar maka da na mai saye daga gare ka, kuma ratar na da faɗi. Ka saya a santi goma, ka juya ka sayar a daƙiƙar nan, takwas za a ba ka. Kashi 20 cikin ɗari ya tafi tun ba a yi komai ba. Ranar da labari ya ɓaci kuma kowa na son fita, masu saye su ɓace, kamar wanda ya kai tirelar tumatir kasuwar ƙauye da yamma. Lambar da allo ke nuna maka ta cinikin ƙarshe ce, ba ta abin da za ka samu ba.

To a saya ko a bari?

Ra'ayina a bari. Na san wasu sun ci riba a irin wannan, waɗanda suka shiga a makon farko suka fita a na uku, amma abin da suka ci daga aljihun wanda ya shigo bayansu ya fito, ba daga injin da aka sayar ba. Wannan ya fi kusa da caca fiye da kasuwanci, kuma wanda ke karanta labarin a wayarsa yawanci shi ne na bayan.

In kuwa zuciyarka ta ƙi, kuɗin da za ka sa su zama waɗanda in sun ɓace ba za ka fasa cefane ko kuɗin makaranta ba, kuma kada ka ƙara in farashi ya faɗi da sunan rage asara. Kafin ka sa ko sisi, buɗe rahoton shekara na kamfanin. Na waɗanda ke ƙarƙashin SEC kyauta ne a rumbunta na EDGAR. A ciki akwai sakin layin da masu binciken kuɗi ke rubutawa idan suna shakkar kamfanin zai iya kai wata shekara a raye. Ba a ɓoye yake ba, mutane ne ba sa kai wa shafin.

Yadda ake karanta wannan rahoto, ko da ba ka taɓa shiga ajin akanta ba, shi ne aikinmu a babi na gaba. Kafin ka juya shafi, zaɓi kamfani ɗaya da aka taɓa yi maka tallarsa, ka nemo yawan hannayen jarinsa na bana da na shekara uku da suka wuce, ka rubuta su a gefen littafin nan. Da waɗannan lambobi biyu za mu fara.